Shaidar da Baffa Ya Tafi da Ita

Allah da Ya ba mu Baffa Ya karɓi abinSa ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa a fadamar Wurno. Kafin azahar an kai shi makwanci. Kafin la'asar ƙofar gidansa ta cika da tabarmi, ta cika da mutanen da na san muryoyinsu tun ina yarinya, kowa yana share ido da bakin rawani.

Ina cikin gida tare da mata, amma katangar zauren ba ta riƙe magana. Na ji mai unguwa yana cewa, "Mun rasa mai gaskiya. Wanga bawan Allah bai taɓa ƙarya ba." Wasu suka amsa, "Wallahi hakanan na." Gwaggo, ƙanwarsu Baffa, ta ga na yunƙura, sai ta danne mini gwiwa.

"Zamna, ɗiyata," ta ce. "Yau ba ranar hwaɗa ta ba."

Na zauna. Amma raina ya ɓaci, kuma har yau da nake wannan rubutu bai gyaru ba. In bai taɓa ƙarya ba, me ya hana ku faɗa yana da rai? Shekara da shekaru mutumin nan yana bin ku da magana guda, kuna sunkuyar da kai kuna dariya ƙasa-ƙasa, kuna cewa ƙasar kuza ta taɓa masa kai. Sai da aka rufe shi da ƙasa kuka gano mai gaskiya ne.

Maganar ba ta da tsawo. Ubana, ƙanen Baffa, ya mutu a ramin kuza can ƙasar Jos lokacin diban gwamna, da ake kwasar maza aikin dole. Hukuma ta ce gudu ya yi. Baffa ya ce da hannunsa ya wanke shi. A kan wannan ya ƙare sauran kwanansa na duniya.

Baffa ya san ƙasar kuza tun yawancin masu ta'aziyyar nan ba su yi wayo ba. Yana saurayi ya fara zuwa da jakuna, lokacin ba a kai dogo kan duwatsun ba. Ya ce buhun kuza ɗan ƙarami ne a ido, amma namiji sai ya yi nishi kafin ya raba shi da ƙasa. Su aza wa jakuna, su kora kwana da kwanaki har inda jirgi yake tsayawa. Daga baya Turawa suka shimfiɗa wani siririn dogo daga Zariya, ƙaramin jirgi ya hau tudun yana tari, aka sallami masu jakuna ba ko sannu. Baffa ya sayar da nasa, ya koma lebura, yana ɗaukar ƙasa da kwano a ka daga gindin rami zuwa wurin wanki, duk ranin da gida ya yi zafi. Yana cikin wannan aka kawo kura, wato akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke tafiya a kan ɗan dogo. Mutum biyu su cika ta, su kafa kafaɗa su tura, su juye, su dawo da ita.

"Duk ƙarhen da sunka kawo sai su ce mun huta," in ji shi. "Jaki dai ya huta. Mu ba mu gani ba."

In zai ba da wannan labari sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja yatsa biyu a kai, ga dogo ya fito. Ya ɗora tsakuwa, ga kura. Bai da wurin da ba ya yi, bakin masallaci, gidan suna, gindin rumfar mahauta. Har ta kai samari suna hango shi ya fara share ƙasa sai su ce, "Tsoho za shi shimhiɗa dogo," su sulale ɗaya bayan ɗaya. Ba ya fasawa. Na sha iske shi yana ƙarasa wa akuya labarin.

Kuma ba ya cin abinci a kwano. Sai akushi ko ƙwarya. Wani ya gaya masa da kuza ake shafe gwangwani da kwanonin kanti, daga ranar ya ce ya ɗauki kwano a ka ya ishe shi, ba zai kai shi baki ba. Matarsa ta sayo sababbin kwanoni masu fure ta jera, ta yi masa tuwo a ɗaya don ta gwada shi. Ya dubi tuwon, ya dube ta, ya tashi ya tafi gidanmu ya ci na Inna.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi suka ce kuza suke so, da yawa, kuma yanzu. Aka raba wa kowace ƙasa yawan mazan da za ta kawo, aka bi gari gari ana diba. A unguwarmu bakin mai unguwa ya faɗa kan ubana. Baba manomin albasa ne, shiru-shiru, bai taɓa wuce Sakkwato ba, in an ce ya zauna nan a nan za a dawo a same shi. Ni a lokacin ina amarya a Rabah da cikin fari. Baffa ya riga ya yi furfura, ba wanda ya kira shi. Da kansa ya ɗaure tabarmarsa ya shiga layi. Ya tsaya bakin ɗakin Inna ya ce mata, "Ni na san wurin. Ni za ni kai shi, in maido maki shi."

Abin da suka tarar ba wanda ya sani ba ne. Tura kura ɗaya-ɗaya ya yi wa kamfani jinkiri, sai aka kafa inji a bakin rami, aka ɗaura masa igiyar waya, yana jan kuraye a jere, cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, daga gindin rami har sama. A bayan ta ƙarshe ana sa mutum ɗaya ya riƙa bi da guntun katako a hannu. In jerin ya tsaya ko ya yi alamar zamewa, ya cusa katakon ƙarƙashin ƙafa. Heluma, shugaban lebura, ya dubi Baba ya ga ba mai ƙirar ƙarfi ba ne, ya ba shi katako. Baba har murna ya yi, ya ce ya samu aiki mara nauyi. Baffa ya bi heluman yana roƙo a musanya su, shi ya bi baya, ƙanensa ya hau sama wurin juyewa. Heluma ya ce tsoho ba ya da sauri.

Da damina ne, da hantsi. Baffa yana sama yana jiran jerin ya iso, ya ji ƙara, ya ga ƙugiyar da ta riƙe kurayen ta ɓalle. Suka juyo baya. Ya ce duk ramin ihu ake, "Kauce! Kauce!" Akwai wurin kaucewa, taki ɗaya gefe ya isa. Baba bai kauce ba. Ya duƙa ya cusa katakon, kamar yadda aka koya masa.

Duk lokacin da Baffa ya zo nan a labarin sai muryarsa ta tashi. "Mutumin da bai guje ma kura ba, shi anka ce ya gudu! Ku ji man wagga magana!"

Heluma ya kora kowa aka koma aiki, don akwai dogo da za a gyara. Mutanen ƙasarmu an warwatsa su wasu barikoki, waɗanda suka gani baƙi ne daga ƙasashen da Baffa bai san sunansu ba. Mutum ɗaya ya ajiye shebur ya zo, wani saurayi daga wajen Goronyo. Su biyu suka ɗauke shi, suka wanke abin da zai wanku, suka yi masa salla, suka rufe shi bayan bariki.

Saƙo ya riga Baffa isowa gida. Mutuwa a bakin aiki tana jawo tambaya daga sama, gudu kuwa ba ya jawo komai, mutane ma gudu suke kullum. Sai aka ce ya gudu. Dogarai suka zo gidanmu neman sa. Suka zura sanda a rumbu, suka ɗaga gadon Inna, suka leƙa har makewayi, unguwa tana tsaye tana kallo. Inna ba ta taɓa ba ni labarin ranar ba. A bakin maƙwabta na ji, kuma da daɗi suke faɗa.

Da wa'adin Baffa ya cika ya dawo, ya rame, yana tari, da hular Baba a aljihu. Bai shiga gidansa ba sai da ya durƙusa ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Ban maido shi ba." Washegari ya tafi gaban alƙali. Alƙali ya saurara, ya dubi hular, ya ce hula ba ta shaida. Ga maganar hukuma a gefe guda, ga bakin mutum ɗaya, kuma ɗan'uwan mai abin. Shari'a shaidu biyu take so. Ya kawo na biyu a zauna.

Wanda bai gani ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Inna ba ta yi takaba ba, don ba a yi wa mai rai takaba. Ba ta da miji, ba ta zama bazawara ba. Liman ya ƙi a yi zaman makoki, ya ce in mutumin ya shigo gobe fa? Ba a yi masa sadaka ba, ba a taru an yi masa addu'a ba. A bakin rijiya mata suna cewa an gan shi a Kurmi ya yi sabon aure. Ɗana na fari ya tashi yara suna kiran sa jikan gujajje, har ya zo yana tambayata ina kakansa ya gudu ya tafi. Na mare shi, sannan na shiga ɗaki na yi kuka.

Don haka duk shekara, da an kai amfanin gona gida, Baffa sai ya hau jaki ya nufi Goronyo. Shi wancan saurayin da ya taya shi wanka, ashe a makon da suka rufe Baba ya tsere daga bariki, ya biyo daji har gida. In ya tsaya gaban alƙali ya ce ya gani, ya tona kansa ke nan. Da fari tsoro ne, wannan na fahimta. Amma yaƙi ya ƙare, aka daina diba, ba mai neman kowa. Sai ya zama ya yi arziki a fataucin albasa, ya yi rumfa, ya yi tumbi, ba ya so a tuna ya taɓa riƙe shebur.

Sau ɗaya na gani da idona. Baffa ya raka ni biki Goronyo, muka biya ta kasuwa. Mutumin ya tashi da sauri ya shimfiɗa masa buzu, ya aika a kawo fura.

"Baba, an zaka lahiya? Ya hanya?"

"Lahiya lau. Ga ɗiyar ƙanena nan, ta hwari. Dube ta."

Bai dube ni ba. Ya kama gyara buhun da ba abin da ya same shi.

"Baba, na sha hwaɗa maka. Ni ban taɓa zuwa ƙasar kuza ba. Kama ta akai maka."

"To. Allah Shi kai mu baɗi."

Baffa ya shanye furarsa, ya yi godiya, muka tafi. Na ce, "Baffa, mi ya hana ka tara mai jama'a? Ka kwance mai zane cikin kasuwa!" Ya ce shaidar da aka ƙwato da tsiya ba ta da amfani, yana so mutumin ya faɗa da bakinsa don Allah.

Wata shekara gulbi ya yi ambaliya ya cinye gonakin wajen Goronyo, har irin albasa ya gagara. Baffa ya ɗebi irin da ya ɓoye, ya ɗaure a tsumma, ya kai wa mutumin nan. Bai ko tayar da maganar ba a wannan zuwan. Da na ji, na taso daga Rabah takanas don in yi masa faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ranar da kowa ya koma bakin aiki, shi ɗai ya riƙa man ƙahwahun ubanki." Na koma Rabah ban huce ba.

Rigima mafi girma da Kawu aka yi ta, yayan Inna, wanda ke zaune a Rara. Ya zo da shawara, kuma ba muguwa ba ce. Malamai sun gaya masa matar da mijinta ya ɓace tana iya kai ƙara, a yanka mata lokacin jira, in ya cika a sake ta ta yi aure. Inna a lokacin da sauran ƙuruciyarta, akwai masu so. Aka zauna a zaure, ni da Inna muna bayan ƙofa.

"Ƙanwata ba gwauruwar gidanku ta ba," in ji Kawu. "Ka bari a kai magana, a ce ya ɓace, ta samu kanta."

"Bai ɓace ba. Na san inda shike. Ni nig gina ramin."

"Kai ka sani! Wa ya yarda da kai? Kana riƙe da ɗiyar mutane tana tsuhwa don taurin kanka!"

"In kun kai, ku kai. Amma duk wanda ya ce ƙanena ɓata ya yi, ya sa hannu ga ƙaryarsu."

Suka miƙe tsaye, har Kawu ya ɗaga sanda. Inna ce ta buɗe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa yayanta ya yi haƙuri ya koma gida, ita ba za ta tsaya gaban alƙali ta ce ba ta san inda mijinta yake ba, alhali an gaya mata. Kawu bai ƙara taka gidanmu ba sai da Baffa ya rasu.

Ba zan ɓoye ba, akwai shekarun da Baffa ma na ji haushinsa. Ina ganin sa'o'in Inna suna aurar da 'ya'yan da suka haifa a gidan miji na biyu, ita tana nan da zanen mai aure ba aure. Na kan ce da ya yi shiru, da ta huta. Amma shi ne yake noma fadamar Baba kafin ya taɓa tasa. Shi ke ban-ruwa, shi ke cira, ya kawo ya zube ƙofar ɗakinta, ko ɗan albasa ɗaya bai taɓa kaiwa gidansa ba. In damina ta kusa, ɗakinta yake fara yi wa yaɓe. Haushina ya fi yawa a kan waɗanda suka ci kuzar, da waɗanda suka aiko da ƙarya, da mutanen garinmu da suka ga ya fi sauƙi a ce tsoho ya zautu.

Tarin da ya dawo da shi ne ya kwantar da shi a ƙarshe. Shekarar bai iya zuwa Goronyo ba. Na zo jinya, ya kama hannuna ya ce, "Bana ban tahi ba. Kada shi zaci na gaji."

Ranar sadakar uku, da hantsi, ana raba waina da gumba, sai muka ji hayaniya a waje. Wani ya shigo ya ce baƙo daga Goronyo yana so ya yi wa mata gaisuwa daga bakin zaure. Na gane muryar tun kafin ya gama sallama. Ya tsufa shi ma. Ya yi gaisuwa, aka amsa, ya ƙi tafiya. Sai ya juya wajen maza ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida. Ni na je ƙasar kuza. Ina nan kura tat taka ƙanen wanga bawan Allah. Ni da shi munka wanke shi, munka yi mai salla, munka ruhe shi bayan bariki. Bai gudu ba. Duk abin da tsohon ga ya hwaɗi gaskiya ta."

Ni kuwa na manta da kunya, na manta da takaicin da nake ji da shi. Na taso har bakin zaure na ce, "Kun ji! Liman, ka ji! Shaida ta cika, biyu ke nan!"

Liman ya dube ni. Ba mugun mutum ba ne, kuma na ga ba daɗi yake ji ba. Ya ce, "Ɗiyata, ko an kai gaban alƙali, ɗaya za a ƙirga. Ta Baffanki ba a karɓe ta ba tun can, don ba ta cika ba. Yanzu kuwa shina kushewa."

Ban san abin da na faɗa wa mutumin Goronyo ba. An ce na tambaye shi ko sai da ya tabbata an rufe Baffa sannan bakinsa ya buɗe. An ce Gwaggo da wasu mata biyu ne suka janye ni. Abin da na riƙe shi ne ina tsakar gida ina haki, sai na ga Inna ta taso daga tabarmarta. Ta taka a hankali har bayan ƙofar zaure, inda maza za su ji ta.

"Liman," ta ce, "ku kunka ji ɗaya. Ni na ji biyu."

Ta dawo ta zauna. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a faifai, ta zare awarwaron hannunta, ta kwance ɗankwali. Kanta duk furfura. Ta juya wa Gwaggo baya ta ce ta tsefe mata kitson, yau ta shiga takaba. Gwaggo ta sa hannu ta fara, sai ni na karɓa na ƙarasa.

Allah Ka ji ƙan Baffa, Ka karɓi shaidarsa a inda ba a neman ta biyu. Ka ji ƙan ƙanensa da ke kwance bayan wani bariki a ƙasar Jos, wanda sai ranar nan aka fara yi wa uwata gaisuwarsa.